Yadda igiyar rediyo ke auna ruwan da ke rataye a samaniyar Damargu

A ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura a Falanko da sauran garuruwan Damargu, manomi kan fito da asuba ya juya fuska kudu maso yamma yana sauraron iska. Idan ta daina tsaga leɓe, ta fara zuwa da ɗan nauyi, gumi ya fara zama a jiki maimakon ya bushe nan take, to laima ta iso. Daga nan sai lissafi: a yi binne a jira, ko a riƙe iri sai ruwa ya sauka sosai? A ƙasar Tanut da Belbeji, inda ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 300 ba, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Wanda ya zuba irin geronsa a ƙasa, aka yi ruwa ɗaya ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku, ya yi asarar iri, kuma sau da yawa babu wani a rumbu.

Laimar nan da manomi ke ji a fatarsa, yau ana auna ta daga nisan ɗaruruwan kilomita a sararin samaniya, dare da rana, ko da ƙura ta rufe gari. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wani fannin ilimi da ba a cika jin sunansa a labarai ba, inda masana ke haska igiyar rediyo a kan ƙwayoyin abubuwa, su ga wace ƙwaya ce ta haɗiye wace igiya, daga nan su gano siffarta. Reshe mafi wuya a fannin shi ne na ƙwayoyin da ke riƙe juna sako-sako, biyu-biyu ko uku-uku ko shida-shida, irin riƙon da zafi kaɗan ke kwance shi. Ƙwayoyin ruwa su ne kan gaba a wannan hali.

Kowace ƙwaya da tasharta

Duk mai sauraron rediyo ya san gajeren zango: mita 49, mita 31, mita 19, mita 16. Lambobin nan tsawon igiyar da ke ɗauko muryar ne. Igiyar tashoshin FM ta fi su gajarta, kusan mita 3 ce. Ta wayar salula takan kai wajen santimita 33, ta farantin talabijin da ake kira parabol kuwa kusan santimita biyu da rabi ce. Daga wajen santimita 30 zuwa milimita guda, nan ne yankin da masu Faransanci ke ce wa mikro-ond, masu Ingilishi su ce maikurowef. A Hausa ana iya ce masa ƙanƙanin zango. A wannan yanki ana ƙidaya kaɗawar igiya da gigahaz, kuma gigahaz ɗaya kaɗawa miliyar ɗaya ce, wato miliyan dubu, a cikin daƙiƙa guda.

Ita kuwa ƙwayar ruwa, mafi ƙanƙantar abin da za a iya kira ruwa, zarra uku ce a haɗe: oksijin ɗaya, haidurojin biyu. Ƙanƙantarta ta wuce misali, domin ƙwayoyin da ke cikin ɗigon ruwa guda sun ninka yawan mutanen duniya kusan sau miliyar 200. Siffarta kamar gwafa take. Oksijin yana gindi, haidurojin biyun sun yi rassa, tsakaninsu buɗin digiri 104.5. Oksijin mai zari ne, yana jan lantarkin ƙwayar zuwa ɓangarensa, sai ƙwayar ta zama kamar ɗan batir mai kai biyu, gefe ɗaya da alamar ƙari, ɗaya da alamar ragi. Wannan rashin daidaito ne ya ba igiyar rediyo wurin kamawa.

A cikin iska ƙwayar tana wulwulawa ba tsayawa. Sai dai ba ta juyawa da kowane saurin da ta ga dama. Saurin nata hawa-hawa ne kamar matakalar tsani, babu tsayawa tsakanin taki da taki. Igiyar da ƙarfinta ya yi daidai da tazarar taki biyu, ita kaɗai ƙwayar ke haɗiyewa ta hau sama, sauran su wuce abinsu. Ɗaya daga cikin waɗannan tazarori yana kan gigahaz 22.235, wato igiya mai tsawon santimita 1.35. Wani mai ƙarfi fiye da shi yana kan gigahaz 183.31. Lambobin nan ɗaya ne a Tanut da Tokyo da can cikin taurari.

Yadda aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci ma abin dariya ne. A yaƙin duniya na biyu injiniyoyin Amurka sun so radar mai kaifin gani fiye da wadda suke da ita, suka zaɓi igiya mai tsawon santimita 1.25. Da sanyi, lokacin da iska ta bushe, na'urar ta yi aiki. Da ɗumi ya shigo da laima sai nisan ganinta ya ragu matuƙa. Ashe sun kafa rumfarsu a ƙofar gidan ruwa ne. Da aka gama yaƙi kayan radar ɗin suka zama marasa amfani ga soja, aka bar wa jami'o'i su, faɗuwa ta zo daidai da zama. Da su ne masana irin su Charles Townes, wanda ya samu kyautar Nobel a 1964, suka gina wannan fanni, ko da yake tun 1934 wasu masana biyu na jami'ar Michigan, Cleeton da Williams, sun riga sun nuna cewa iskar amoniya tana haɗiye igiyar ƙanƙanin zango. A 1969 Townes da abokan aikinsa suka ba da labarin jiyo wannan sautin na gigahaz 22 daga cikin gizagizan iska da ƙura da ke tsakanin taurari, aka tabbatar akwai tururin ruwa a can.

Riƙo mara ƙarfi da duniya ta dogara a kansa

Tun da kowace ƙwayar ruwa tana da gefen ƙari da gefen ragi, idan biyu suka kusanci juna sai haidurojin na ɗaya ya jingina da oksijin na ɗayar. Ba su zama abu ɗaya ba, kowace tana nan da siffarta, riƙon hannu ne kawai. Ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na ɗaurin da ya haɗa oksijin da haidurojin a cikin ƙwaya guda ba. A cikin ruwan randa, riƙon yana kwancewa ya sake ƙulluwa da wata ƙwayar a cikin lokacin da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyar dubu na daƙiƙa ba.

Duk da rauninsa, ba don shi ba da babu rijiya ko tafki a doron ƙasa. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ƙwayarta ƴar'uwar ta ruwa ce, gwafa ce ita ma, illa dai farar wuta ce a gindinta maimakon oksijin. Ta fi ƙwayar ruwa nauyi kusan ninki biyu, don haka a bisa ƙa'ida ita ya kamata ta fi wuyar tashi. Amma tana tafasa ne tun a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai digiri 100. Bambancin yana ga wannan riƙon hannun, wanda ruwa ke da shi, ita kuma nata bai taka kara ya karya ba.

Matar da ta ajiye randa a inuwa, da makiyayin da ya rataya salka a gefen raƙumi, da wannan riƙon suke aiki. Kafin ƙwayar da ta tsatso ta jikin laka ko fata ta tashi ta bi iska, sai ta kwance hannunta daga ƴan'uwanta, kuma zafin da za ta yi hakan da shi daga ruwan da ya rage take ɗiba. Zafin ba kaɗan ba ne. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar na wanda za a ɗaga litar daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Kuma bashi ne, ana biya. Idan tururin ya hau sama ya sake zama ɗigo, ƙwayoyin suka sake kama hannu, duk zafin nan sai ya fito. Shi ne makamashin manyan hadaran da ke tasowa daga gabas da iska da ƙura a gabansu, waɗanda su ke kawo mafi yawan ruwan da ake samu a Sahel. Laimar daga kudu maso yamma take shigowa, daga tekun Gini, hadarin kuma daga gabas yake bi ta kanta.

To wanda ke son fahimtar ruwa, dole ya fahimci riƙon nan. A cikin kwano ba za a iya ba, ƙwayoyin sun yi yawa, kowace tana riƙe da kusan huɗu. Hanya ita ce a ware biyu kacal a dube su.

Yadda ake auna abin da ido ba ya gani

A dubi mai ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa, garwa biyu a rataye. Idan garwunan suna can ƙarshen sanda, juyawa a lungu tana yi masa wuya, sai a hankali. Idan ya matso da su kusa da kafaɗa, sai ya juya cikin sauƙi, alhali nauyin bai canja ba. Wanda ya san nauyin garwunan, ya kuma ga saurin juyawar, zai iya lissafa nisan da ke tsakaninsu ko bai ga sandar ba. Haka masana ke yi. Nauyin kowace zarra sananne ne, igiyar da aka haɗiye tana faɗin saurin juyawa, saura lissafi.

Akwai kuma wata dabara. Oksijin da haidurojin suna da ƴan'uwa masu hali iri ɗaya amma sun ɗan fi nauyi, kamar oksijin mai lamba 18 maimakon 16 da aka saba. Idan aka musanya zarra guda da mai nauyin, sai sautin ya ɗan gusa. Idan zarrar tana can bakin sanda gusawar ta yi yawa, idan tana kusa da kafaɗa da ƙyar za a lura. A bi zarrori ɗaya bayan ɗaya, sai taswirar ta fito.

Matsalar ita ce samun ƙwayoyin biyu a riƙe da juna na tsawon lokacin da za a saurare su. A iska mai ɗumi karo ya yi yawa, ba a jimawa wata ƙwayar ta bangaje su. Kamar neman jin raɗar mutum biyu ne a tsakiyar kasuwar Tanut ranar da take ci. Maganin da aka samo shi ne sanyi. Wanda ya taɓa sace iskar taya ya ji yadda take fitowa da sanyi. A ɗakin gwaji ana cuɗa ɗan tururin ruwa da wata iskar da ba ta haɗuwa da komai, kamar argon ko neyon, a tura ta wata ƴar ƙaramar huda zuwa cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta kaf. Tana fita ta bazu da gudun da ya fi na sauti, zafin juyawar ƙwayoyin ya faɗi zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifili, saura ƙiris ya kai iyakar sanyin da babu na ƙasa da shi. A wannan hali duk ƙwayoyin da suka kama hannu sun kama ke nan, kuma duk suna gudu gefe ɗaya, babu mai karo da wani.

William Klemperer na jami'ar Harvard da ɗalibansa su ne suka buɗe wannan hanya a farkon shekarun 1970, inda suka auna har riƙon da ke tsakanin argon da wasu ƙwayoyi, alhali argon iska ce da aka sani da ƙin haɗuwa da kowa. A 1974 Thomas Dyke da John Muenter suka ba da sakamakon farko a kan tagwayen ƙwayoyin ruwa, suka cika shi a 1977. Abin da suka gano shi ne tagwayen ba zaman daidai suke yi ba. Ɗaya ce ke miƙa haidurojin guda, ɗayar ta karɓa, kuma oksijin da haidurojin da ɗayan oksijin suna kusan kan layi miƙaƙƙe. Tsakanin oksijin biyun akwai angstrom 2.98. Don a gane girman abin, a raba milimita guda gida miliyan 10, kowane gida shi ne angstrom ɗaya. An auna wannan tazara ne ba tare da madubin gani ba, da igiyar rediyo da lissafi kawai.

Sautin tagwayen ya zo da wani abin mamaki. Inda ake jiran layi ɗaya sai aka ga ya rabu gida-gida. Dalili shi ne tagwayen ba sa zama wuri ɗaya. Mai miƙa hannu tana komawa mai karɓa, mai karɓa ta koma mai miƙawa, fiye da sau miliyar a daƙiƙa, kuma a cikin sanyin da bai kamata a ce suna da ƙarfin yin hakan ba. A duniyar zarra, abu mara nauyi irin haidurojin yana iya ratsa katangar da ba shi da ƙarfin tsallakewa. Hankali ba ya saurin ɗauka, amma lissafi ya yarda da shi, awo kuma ya tabbatar.

Daga baya kayan aikin suka inganta. Wajen 1979 zuwa 1981, Terrill Balle da Willis Flygare na jami'ar Illinois suka ƙera na'ura mai madubai biyu na ƙarfe suna fuskantar juna. Ana fesa iskar a tsakaninsu, a buga mata igiya na ɗan ƙiftawa, a kashe, sannan a saurari amsar da ƙwayoyin ke bayarwa, kamar yadda ake kaɗa ƙararrawa a bar ta tana amo. Na'urar tana da kaifin ji, amma tana da jinkiri, domin kamar mai murɗa rediyo ne yana neman tasha ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar shekarun 2000 Brooks Pate na jami'ar Virginia ya fito da hanyar share faɗin gigahaz da yawa a bugu ɗaya, kamar a ce an ji dukkan tashoshi lokaci guda, kwamfuta ta rarrabe muryoyin. Aikin da kan ci watanni ya koma na kwana ɗaya ko biyu.

Da waɗannan kayan, da kuma na Richard Saykally na Berkeley mai aiki da igiyar da ta fi ƙanƙanin zango gajarta, aka bi ruwa ƙwaya-ƙwaya. Uku suna yin zobe, kowace ta miƙa wa ta gabanta hannu, kamar ƴan mata a dandali. Huɗu da biyar ma zobe ne. A kan shida ne abin ke tashi daga shimfiɗe ya zama mai tudu. A 2012 ayarin Pate ya nuna cewa shidan suna zama iri uku a cikin feshi guda: wani kamar keji, wani kamar littafi a buɗe, wani kuma kamar murhu biyu masu duwatsu uku-uku an ɗora ɗaya a kan ɗaya. Na kejin ne ya fi kwanciya. Abin lura a duk jerin shi ne, yayin da taron ke ƙaruwa tazarar oksijin da oksijin tana raguwa, daga 2.98 na tagwaye ana dosar 2.76 da ake samu a ƙanƙara. Wato kowane sabon hannu yana ƙara wa na farko ƙarfi. Duk wani lissafin kwamfuta da ke iƙirarin ya san halin ruwa, a waɗannan lambobi ake fara gwada shi.

Komawa sararin Damargu

Ana iya tambaya, me ya haɗa abin da ke faruwa a tukunyar ƙarfe mai sanyi da iskar watan Yuni a Falanko? Tagwayen nan suna nan a iskar da ake shaƙa. A iska mai ɗumi da laima, kusan ƙwaya ɗaya cikin dubu tana riƙe da wata a kowane lokaci, ana kwancewa ana ƙulla sabo. Yawansu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da laima, ya fi ta gudu. Tun da sai biyu sun gamu, idan laima ta ninka sau biyu tagwaye sun ninka sau huɗu, idan ta ninka sau biyar su kuma sau 25, muddin zafin iskar bai canja ba. A Sahel wannan ba lissafin allo ba ne kawai. Da za a matse duk tururin da ke bisa Yamai daga ƙasa har ƙololuwa a tara shi, a tsakiyar hunturu yakan sauka zuwa milimita 10 ko ƙasa da haka, a tsakiyar damina kuwa ya haura 40.

Tun da daɗewa masu awo sun lura cewa iska mai laima tana haɗiye igiya fiye da yadda lissafin ƙwayoyi ɗai-ɗai ya nuna. Ko a tsakanin layukan da aka sani, inda ya kamata igiya ta wuce salin-alin, akwai wata ƴar haɗiya shimfiɗaɗɗiya da ke ƙaruwa sosai da laima. Tun shekarun 1960 wasu masanan Rasha suka ɗora wa tagwaye alhakin. An yi kusan shekara hamsin ana jayayya, domin babu wanda ya ga sawunsu ƙarara a iska mai ɗumi. Sai a 2013 Mikhail Tretyakov da abokan aikinsa a birnin Nizhny Novgorod suka gano jerin layukansu a tururi mai zafin ɗaki, tsakanin gigahaz 105 da 150, a daidai tazarar da awon ɗakin sanyi ya ce za a same su. Har yanzu masana ba su daidaita kan ko kaso nawa ne na tagwaye a wannan haɗiya ba, amma batun ko suna ciki ya wuce.

Amfanin sanin wannan yana ga masu auna laima. Duk abin da ke haɗiye igiya yana kuma fitar da irinta, don haka tururin da ke sama kullum yana raɗa a kan gigahaz 22 da 183. Na'urar awo ba ta aika komai, saurare kawai take yi, hanyar da Robert Dicke ya ƙirƙira a shekarun 1940. Kafin a mayar da ƙarfin raɗar zuwa adadin milimita na ruwa, sai an san ko nawa ne na ƙwayoyi ɗai-ɗai, nawa ne na haɗiyar nan shimfiɗaɗɗiya. Kuskure a nan ya fi ciwo a ƙasashe masu zafi da laima, inda haɗiyar ta fi yawa.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara ɗora irin wannan kunne a kan tauraron ɗan Adam, Cosmos 243, a 1968. Amurka ta biyo da Nimbus 5 a 1972. A watan Oktoba na 2011 Faransa da Indiya suka harba Megha-Tropiques, wanda aka tsara hanyarsa don ya riƙa zagaya yankuna masu zafi, ɗauke da na'urar SAPHIR mai sauraron kafofi shida a kewayen gigahaz 183, kowace kafa tana jin laimar wani hawa na sama. Nijar ma ta karɓi baƙuncin irin wannan aiki a ƙasa. A shekarar 2006, lokacin babban binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta girke tashar awo ta tafi-da-gidanka a filin jirgin saman Yamai na tsawon shekara, cikin kayanta har da na'ura mai kallon sama tana sauraron gigahaz 23.8 da 31.4. Ta farko tana jin tururi, ta biyu ta fi jin ɗigon da ke cikin girgije, a haɗa biyun a raba gardama.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Hoton talabijin da ke ɗaukewa ana tsaka da kallon ƙwallo idan hadari ya haɗu, ba aikin tururi ba ne, manyan ɗigon ruwan sama ne ke tare igiyar suna watsa ta. Shi ma an mayar da shi ma'auni. A Burkina Faso masu bincike sun nuna, a wani aiki da aka wallafa a 2014, cewa raunin da igiyar da ke tsakanin turakun wayar salula ke yi lokacin ruwa yana iya faɗin yawan ruwan da ya sauka.

Ga ƙasa mai faɗin Nijar, inda tashoshin awo suke tsilla-tsilla, kuma a nahiyar da masu sakin balan-balan na auna iska ƴan ƙalilan ne, kunnen tauraro yana cike babban giɓi. Awon nasa yana shiga manyan kwamfutocin hasashen yanayi na duniya, kuma yana cikin waɗanda suka fi rage kuskuren hasashe. Daga can sakamakon ke dawowa ga hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, da cibiyar ACMAD wadda ita ma a Yamai take. Sai dai kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Layin gigahaz 22 ya fi aiki a kan teku, domin a kan tudu ƙasa mai zafi tana nata surutun da ke danne raɗar tururi. Kuma sanin cewa sama ta ƙoshi da laima ba ya faɗin wace gona ce za ta sha. Mutanen Damargu sun san yadda ruwa kan jiƙa wani gari sharkaf ya tsallake maƙwabcinsa mai nisan tafiyar jaki. Abin da awon ke taimakawa a kai shi ne tambayar kwanaki masu zuwa, ko laimar ta zo zama ne ko leƙe ta yi za ta koma, kuma ita ce tambayar mai riƙe da iri.

Tagwaye da ƴan shida ba su ne ke girma su zama ɗigon ruwan sama ba. A iska ta gaske taron ƙwayoyin ruwa zalla yana watsewa kafin ya yi girman a zo a gani. Sai an samu abin da za su taru a kansa, ƙwayar ƙura, ko gishirin teku, ko hayaƙi, ko wani ɗan taro da ruwa ya yi da sinadari mai tsami. Irin wannan taron na ruwa da sinadarin batir, ƙwaya ɗaya da ƙwaya ɗaya, Kenneth Leopold na jami'ar Minnesota ya auna siffarsa da ƙanƙanin zango a 2002. Dabarar watsa gishiri cikin girgije daga jirgin sama, wadda Burkina Faso ta fara a 1998 a shirin Saaga, Nijar ma ta yi a daminar 2022, a kan wannan buƙata ta wurin taruwa aka gina ta. Ba ta ƙirƙirar girgije inda babu.

Maƙwabci mai ɗaga murya

Raɗar tururi siririya ce ƙwarai, shi ya sa dokar sadarwa ta duniya ta keɓe mata fili daga gigahaz 23.6 zuwa 24, inda aka hana kowa watsa komai. Matsalar ita ce kamfanonin waya suna buƙatar sabon fili don tsarin 5G, kuma ɗaya daga cikin filayen da suka samu ya fara ne daga gigahaz 24.25, katanga ɗaya da na ruwa. Babu na'urar watsawa da ke tsayawa cak a iyakarta, kullum akan samu ɗan malala. Tauraron kuwa ba ya iya bambanta malalar turken waya da raɗar laima. Idan hayaniyar ta yi yawa an gane a zubar da awon, idan ƴar kaɗan ce sai ta shige cikin lissafi a matsayin ruwan da babu shi, kuma wannan ne ya fi muni.

An kai maganar babban taron rabon zangon rediyo na duniya a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a ƙarshen 2019. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi iyaka mai tsauri, masu harkar waya suka nemi sassauci. Aka tashi a kan iyakar da ta gaza abin da masu yanayi suka nema, da sharaɗin za a ƙara tsananta ta ga sabbin turakun da za a kafa bayan 1 ga Satumba 2027. Babu wanda zai ce turakun 5G masu wannan zango sun kusa cika Tanut ko Belbeji. Amma hasashen Damargu ba daga samaniyar Damargu kaɗai ake haɗa shi ba. Kwamfutocin suna ɗaukar iskar duniya ne gaba ɗaya, kuma awon da ya gurɓata a bisa manyan biranen gaɓar teku yana shiga tukunya ɗaya da na Sahel. A Nijar hukumar ARCEP ce ke da alhakin raba zango ga kamfanoni, kuma an tsara babban taron duniya na gaba a kan wannan rabo a shekarar 2027.